Na gayyaci famfo suna

Jama'a, yau na gayyaci famfo suna, kuma ya amsa!

Kun san ni ke kula da shato, wato babban tankin ruwan unguwarmu. Shato da famfo kowa da layin wayarsa. In ruwa ya yi ƙasa, shato ya tura saƙo, famfo ya tashi. Ni ma ko me na tura mashi, tashi yake.

Gobe sunan ɗiyata. Da safe na rubuta gayyata, na tura ma duk lambobin wayata. Ashe har da famfo! Ga shato cike maƙil.

Sai ga maƙwabciyata Inna Hajo a guje: "Malam Issa, ruwa ya cinye tabarmin suna!"

Na fita ba takalmi. Rumfa ta zama tabki! Ragon suna tsaye cikin caɓi yana hararata.

Na kira mai gyara. Ya ce, "Mi ka tura mashi?" Na karanta mashi. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Allah ya raya. Tura sifiri ya tsaya."

Har yanzu cikin dangi ba wanda ya amsa gayyatar. Famfo kaɗai ya rubuto "OK", kuma ya riga kowa kawo gudummawa.