Wutar da ya riƙe a gefe

Jiya jikata ta ɗauke ni hoto da waya, wutar kyamarar ta mare ni a ido. Na ce mata, da Baffa mai hoto na kasuwar Illo yana raye, da ya ƙwace wayar nan.

Shi ba ya harbin fuska da wuta. Sama yake juya ta, ta bugi farin ƙyallen rumfarsa ta sauko a hankali. Yakan ce, "Fuskar mutum ba ɓarawo ba ce da za ka haske ta."

Sau ɗaya na ga ya saɓa. Bayan rasuwar maigidana, ƙaninsa ya tare ni a gonar shinkafa, ya fasa mini baki da ƙotar fartanya don in bar gonar, sannan ya musanta gaban hakimi. Na je wurin Baffa, bakina na ɗanɗanon jini.

"Zauna, ɗiyata. Kada ki wanke."

Ya cire wutar daga kyamara, ya riƙe ta gefen kuncina, har kowane kumburi ya fito da inuwarsa. Yana gamawa sai ga ƙanin maigidan nawa da sanda.

"Tsoho, ba ni fim ɗin!"

"Zo ka ɗauka."

Mutumin ya karya wa Baffa hannun dama, amma tsohon ya kwanta kan kyamarar har mutane sunka taru. Hakimi ya ga hoton, gona ta zauna hannuna.

Allah ya jiƙan shi. Hannun nan da ya karye, Allah ya ba shi littafinsa a ciki.