Jan Zakaran da Na Kai wa Yaya Rifkatu

Salama gare ku 'yan'uwa. Kun saba ganina a nan da hotunan jikoki da gaisuwar biki, amma akwai labarin da na daɗe ina riƙe da shi a ciki. Yau zan faɗa, don akwai matar da nake nema, ga shi tsufa ya ci ƙarfina.

Sunanta Rifkatu. Maƙwabciyata ce a Wudil, shekarun da kuɗin fetur suka shigo, kowane ma'aikaci ya sayi babur da rediyo. Mijina lebura ne a aikin titi. Ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na Maguzawa, muka kama ɗaki a gidan haya. Mijinta direban tifa ne a wurin aikin. Su Kirista ne. Ni kuwa ban san coci ba, ban san masallaci ba. Abin da na tashi na gani shi ne in ciwo ya zo, a yanka wa iskoki abin da suka nema.

Da tari ciwona ya fara. Na ce hayaƙin murhu ne.

Sai zufa, sai rama, har zani ya daina zama a ƙuguna. Ran da na ga jini a kakina, na tura ƙasa na rufe, ban gaya wa kowa ba. Tsoro na ji.

Yaya Rifkatu ce ta gano. Ta tsare mijina a zaure ta wanke shi tas, washegari sai ga mu a motar Kano. A asibiti aka karɓi kakina a ɗan kwalba, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga hoton ya ce tarin fuka ne, yana warkewa, amma wanda ya yanke magani a tsakiya shi ke binne kansa.

Magani kyauta ne a lokacin, kuɗin mota ne ya cinye mu. Bayan kwanciyar asibiti aka mai da ni shan magani a Wudil: allura kowace safiya har mazaunaina suka yi tauri, ga ƙwayoyi cike da tafi.

Matan gidanmu mutanen kirki ne, muna ciyayya da su, kwano ya je kwano ya dawo. Da ciwon ya bayyana ba su daina aiko da tuwo ba, sai dai a juye a bakin ƙofa a koma da kwanon. Ban ga laifinsu ba, suna da 'ya'ya. Amma abin ya ci mini rai.

Ita kuwa shigowa take yi. Ta wangale taga kamar yadda likita ya ce, ta zauna da kwanon kunu. Kafin ta ba ni sai ta rufe ido ta yi magana da Allah da Hausa, yadda mutum ke magana da babansa. Har sunana take faɗa masa: ga Tabawa, ka san halin da take ciki. Wani lokaci tana tsefe mini kai tana ba ni labarin Yesu, yadda ya taɓa kuturu da hannunsa. Ba ta taɓa cewa in bi ta coci ba.

Da na fara jin ƙarfi, hankalina ya tashi. A wurinmu ba a roƙo hannu sake. An yi ta kiran sunana a gaban Allahnta, ya kuma amsa, ban zubar masa da jinin ko tsuntsu ba. Na tabbata zai fusata ya dawo mini da ciwon. Ranar Juma'a na sa mijina ya shiga kasuwa ya sayo jan zakara. Na rarrafa da shi ƙofarta, na ce ta nuna mini inda ake yanka wa nata.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta ga da gaske nake, sai ta zauna kusa da ni.

"Ƙanwata, ba ya karɓar zakara. Jinin da za a zubar, Yesu ya riga ya zubar da nasa."

"To ni me zan ba shi, Yaya?"

"Ki shanye maganinki."

Zakaran nan farfesunsa ta yi mini, da citta da masoro. Na ci ina kuka, ban ma san kukan me nake yi ba.

Da aka ce ƙirjina ya washe, iyayena suka ɗauke ni ƙauye in murmure. Na dawo bayan kaka na tarar da wasu a ɗakinta. Aikin titi ya ƙare, an tura mijinta wani gari. Wani ya ce Bauci, wani ya ce Jos. Na yi cigiya har na gaji. Ko hotonta ba ni da shi, kuma har yau in na ji ƙamshin masoro sai ƙirjina ya cika da kewarta.

Na gode wa Allah. Na gode wa marigayi mijina da bai gudu ba, da malamin allurar da ya jure zagina, da matan gidan da ba su bar ni da yunwa ba.

Shawarata: tari in ya ƙi tafiya, a je a gwada kaki, kar a rufe da ƙasa kamar ni. In an fara magani a kai shi ƙarshe. A buɗe taga, a rufe baki wajen tari. Ku kuma masu son gaya wa maƙwabci bangaskiyarku, ku fara shiga ɗakinsa ku zauna.

Wanda ya san Rifkatu matar direban tifa da ta zauna a Wudil, ko 'ya'yanta, don Allah ya isar mata. Ku ce Tabawa ta warke, ta haifi shida. Ku ce bayan shekaru na shiga coci da ƙafata, kuma ranar baftisma da fasto ya tambayi sunan da nake so, nata na faɗa. Ku da kuke kirana Mama Rifkatu, sunan aro ne, mai shi ba ta ma sani ba.