Dabinon Kawu Arzika

Kun dai san Kawu Arzika da maƙo, goro ɗaya sai ya kwana uku a bakinsa. Amma aljihunsa ba ya rabo da dabino. In ya gamu da yaro, shi ke fara gaisuwa, ya miƙa masa ɗaya, ya ce, "Ba sadaka ba ce, sulhu ne."

Ni na jawo abin. Zamanin soja, ran kasuwar Filinge, na ja shi rumfar bidiyo. Anka sa wani tsohon fim na Turawa, yaran wani ƙauye sunka fito daga cikin masara da lauje sunka karkashe manyansu kaf. Kawu ya fito yana zufa.

Na ce, "Kawu, wasa ne fa."

Ya ce, "Wasa? Ka ga wanda ya yi dariya?"

Daga ranar ya hana yara taka gonarsa. To wa ke korar tsuntsu in ba yara ba? Jan-baki ya yi biki. Matarsa Inna Hawa ta ce, "Malam, bana mi za mu ci?"

Ya ce, "Tsuntsu hatsi yake ci, ba mai hatsi ba."

Wata kaka ƙafarsa ta kumbura. Gero ya nuna, ba mai yanka, rumbu wayam. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ji tausayi ya tara almajiransa gayya, ba wanda ya gaya wa Kawu. Yana kishingiɗe bakin gona sai ga garken yara da wuƙaƙe. Wallahi mutumin da ya yi wata bai taka ƙasa ba, saman gawo munka tarar da shi, yana kururuwa: "Hawa, na yafe miki! Ki yafe mini!"

Yana can bisa har sunka yanke geron, sunka ɗaure dammuna. Da ya sauko idonsa ya cika da ƙwalla, ya zazzage musu aljihunsa duka.

Na ce, "Yanzu ka yarda wasa ne?"

Ya ce, "Kai wawa ne. Dabino ya yi aiki."

Ranar da ya rasu, yaran nan ne, da gemunsu, sunka yi ta rige-rigen ɗaukar makara. Na yi kuka ba kaɗan ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa. Shi ya ce sulhu ne. Ya Allah, ka rubuta masa sadaka.