Dinarin da Gwaggo Ta Ara

Mahaifina ya tafi Hajji ina goye a bayan uwata, ya dawo Gozaki ina kaɗin auduga da kaina. Bai kawo dukiya ba. Abin da ya kawo shi ne tari mai cin ƙirji, da dinarin zinariya guda wanda ya samu da dako a kasuwar Misra.

Kafin ya rasu ya kama yatsana ya ɗora a kan dinarin. Ya ce fuskar irin waɗannan dinarai duk ɗaya ce, sa hannun sarkin Istambul ne a nannaɗe kamar igiyar guga. Amma a baya, can ƙasa, akwai sunan garin da aka buga shi. Wanda aka buga a birnin sarkin sunansa dogo ne, ya cika layi. Nawa gajere ne, Misra kawai. Shi da kansa ya huda shi, hudar ma ta karkace saboda hannunsa yana rawa.

Ina sabuwar aure Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta tako daga Ƙarfi. Gidan masu hali take aure, tana da jerin dinarai a wuya, amma ido bai cika ba.

"Ɗiyata, ara mini dinarin ɗan'uwana, 'yata amarya ta fita da albarkar kawunta."

Na cire na ba ta. Bayan biki ta dawo da shi ɗaure a farin ƙyalle, da goro a kai, ta miƙo mini a gaban matan gida. A wurinmu ba a kwance kayan aro a gaban wanda ya maido, yin haka kiran mutum ɓarawo ne. Na karɓa hannu biyu, na yi godiya har da durƙusawa, na jefa a adudu. Lokacin tsinkar auduga ne, ban sake waiwayarsa ba sai da Sallah ta zo.

Ina juya bayansa na ga dogon suna. Na goga gefensa da toka, jan tagulla ya leƙo. Aikin maƙera ne, an yi masa wankan zinariya.

Mijina ya ce ba ni da shaida, tunda na karɓa na gode a gaban jama'a. Uwata ta ce in bar wa Allah. Na ce to. A raina kuwa ban bar komai ba, na tsani matar nan har cikin ƙashina.

Sai na zama 'yar gaban goshinta. Duk kaka ina aika mata daddawa da zaren da na kaɗa. In ta yi ciwo ni ce farkon zuwa gaisuwa. A kowane taro ina zaune kusa da ita ina yi mata fifita, idona a kan wuyanta, dinaran suna kwance duk fuska waje, ban san wanne ne na ubana ba. Haka na haifi ɗiya, na yaye ta, na raine ta har aka sa ranar aurenta.

Na je Ƙarfi, na jira sai da tsakar gida ta cika da mata.

"Gwaggo, ara mini jerin nan naki, jikarki ta fita da albarkarki."

Ta shafa wuya. Amma matan duk sun san ta taɓa ara a wurina. Ta cire.

Da azahar na saki labulen ɗakina na baje su a faifai. Ina juyawa ɗaya bayan ɗaya, dogo, dogo, dogo, na fara tsoron ko ta sayar. Sai ga gajeren suna, ga karkatacciyar huda. Na yi kuka sosai. Da na share hawaye na tsinke zaren, na zare nawa, na zura tagullarta a tsakiyar jerin, inda kowa zai fara gani.

Bayan biki na kai mata abinta ɗaure a farin ƙyalle, da goro a kai, a gaban matan gidanta. Na ga yatsunta suna lalube ta bayan ƙyallen. Ba halin kwancewa. Ta yi godiya, ta sa mini albarka, na amsa da amin mai ƙarfi.

Mun sake haɗuwa a wani suna. Jerin nata ya ragu da ɗaya, nawa kuwa na fito da shi saman mayafi. Na durƙusa na gaishe ta, ta kasa ɗauke ido daga ƙirjina.

"Wannan fa, ɗiyata?"

"Na baba ne mana, Gwaggo. Wanda kika ara kika maido mini da hannunki. Ko ba shi ba ne?"

Mata suka zuba mata ido suna jiran amsarta.

"Shi ne," in ji ta.

Na ɗauki mafici na ci gaba da yi mata fifita.