Layin Alli a Tsakar Gidan Malamin Tarihi

Maƙwabcina malamin tarihi ne a kwaleji. Mu a unguwa Yaƙin Duniya muke ce masa, don ko gaishe shi ka yi sai ya kai ka can. Tun yana saurayi yake koya wa ɗalibai yadda manyan ƙasashe suka shimfiɗa taswira a tebur, suka yanka ƙasashen mutane ba su tambayi kowa ba. In ya zo nan, har jijiyar wuyansa ke tashi.

Da mahaifinsu ya rasu, rigimar rabon gida ta ɓarke tsakaninsa da ƙanensa mai gyaran babur. Malam ya ce wai shi ya karanci sulhu. Ya ɗauko allin aji da igiya, ya ja layi miƙaƙƙe tun daga zaure har bangon baya. Matarsa ta leƙo ta ce, "Malam, ka dai duba..."

Ya ce, "Ke, wannan ba maganar kicin ba ce."

Ƙanen ya dubi layin, ya yi wuf ya ce, "Na yarda, Yaya." Nan da nan ya ɗora bulo a kai.

Malam ya tsira da ɗakin littattafansa, famfo kuwa ya faɗa ɓangaren ƙanen.

Yanzu kullum da safe sai ga shi a ƙofata da bokiti, sanye da kwat ɗin zuwa aji. Nakan buɗe masa famfo in ce, "Yaƙin Duniya, yau kuma wace ƙasa za a raba?"

Shi dai sai ya tara bokitinsa. Matarsa ce ke dariya ta bayan katanga.