Rabin Waƙar da Evaristo Bai Samu Ba

Noemi ta fara jin sunan Evaristo ne tana 'yar shekara tara. Kakarta Dirce na murza taliya, tebur na rawa, sai tsohuwar ta ce, "Tura littafin Evaristo ƙarƙashin ƙafar nan da kyau. Iyakar amfaninsa ke nan."

Ashe ƙanen Kaka ne, malami a birnin Bologna na Italiya. Shekara arba'in ya yi yana ɓamɓaro guntayen fatun rubutu daga bangon tsofaffin littattafai, yana neman waƙoƙin farko da aka rubuta da Italiyanci. Ranar da aka binne mahaifiyarsu yana can Jamus wajen bincike. Tun daga ranar Dirce ta daina yi masa magana.

Da Noemi ta gama sakandare ta neme shi. Ta tarar da tsoho makaho a ɗaki mai ƙamshin kofi.

"Jikar Dirce? Matso, in ji ko kin gado masifarta."

"Rabi kawai, Kawu."

"To, rabin ma ya isa kashe mutum."

Ya ba ta labarin wata 'yar fata da ya tsinta: waƙar rarrashin yaro ce ta shekara ɗari bakwai, layi shida, sauran wuƙar mai ɗinkin littafi ta datse. Shafi ɗari uku ya rubuta yana lalube. Sai da idonsa ya tafi, wata safiya ya rera ta a fili, ya ji muryar mahaifiyarsa. Ita ce waƙar da take yi musu a ƙauye. Shi ya tafi makaranta da wuri, yana jin kunyar irin maganar ƙauye, bai riƙe kalmomin ba. Dirce ce ta zauna, ta haddace ta duka.

Noemi ta ji tsoron faɗan Kaka, ta ce bari Kirsimeti ta zo, sannan ta roƙe ta waƙar. A Nuwamba Evaristo ya rasu. Kafin sanyi ya wuce, shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Dirce magana. Yanzu in Noemi ta ambaci waƙar, sai tsohuwar ta lumshe ido tana rera karin a maƙogwaro, babu kalma.

Noemi ta ciro littafin daga ƙarƙashin ƙafar tebur. Abin da Evaristo ya roƙe ta a bakin ƙofa ranar da ta ziyarce shi ne ya hana ta sukuni:

"Ki sa Dirce ta rera miki. Ki rubuta yadda ta faɗa, kar ki gyara komai. In ta zage ni a tsakiya, rubuta har da zagin."