Gumin Bututun Don Eulogio

Shekara talatin da ɗaya Don Eulogio Ararigua ya yi yana bin bututun mai a kan alfadari, kilomita ashirin da biyu, daga tashar famfo zuwa rafin da ƙauyenmu ke sha. Ni ne direban da ke karɓar rahotonsa duk Juma'a, don haka na san halinsa. Gajere ne, ga taurin kai, kuma ba ka jin bakinsa sai ya shanye ƙoƙon shayinsa na ganye da muke kira mate.

Takardar rahoton kamfani gurbi biyu gare ta, "lafiya" ko "ya fashe". Shi kuwa a wurinsa bututu bai fashe ba sai mai ya yi tsartuwa sama. In ya ga baƙin danshi a ƙasa, sai ya tona, ya ɗaure wurin da maɗaurin ƙarfe, ya zaɓi "lafiya", ya rubuta a gefe: "Yau ma ya yi gumi."

Da aka tashi sauya tsofaffin bututu, sai aka turo Injiniya Nélida Arancibia daga Santa Cruz ta lissafa yankin da ya fi kusa da lalacewa. Ta tara mu a rumfa, ta ce yankin rafi ne na ƙarshe a layi, sai nan da shekara goma sha biyar, tunda a takarda bai taɓa fashewa ba. Gabana ya faɗi, don 'ya'yana ma ruwan nan suke sha.

Don Eulogio ya ajiye ƙoƙonsa. "'Yata, gumin fa? Kin sa shi a lissafin?"

"Gumin wa, Baba?"

Rufino, magatakardan ofis, ya kwashe da dariya. "Na alfadarinsa mana! Shekara da shekaru yana cika mu da labarin zufar dabba."

Don Eulogio ya harare shi. "Kai Rufino, ashe kan nan naka ado ne? A gidanku alfadari ake ɗaure wa ƙarfe?"

Injiniya dai ba ta yi dariya ba. Kwana tara ta yi a cikin tsofaffin rahotanni tana tsintar kalmar nan, har ta samu sau talatin da huɗu. Ba yawan ne ya tayar mata da hankali ba, tazarar ce. Da farko sai bayan shekara uku, daga baya duk shekara, bara kuwa duk wata biyu. Ta sake lissafi, ta ce a wannan tafiyar da wuya a ga damina biyu bututun bai buɗe cikin rafin ba. Nan take yankinmu ya tashi daga ƙarshen layi ya koma farko.

Ranar da aka ɗago tsohon bututun, ƙauyen kaf ya fito. Injiniya ta ce, "Baba, zo ka gwada mana shi da kanka."

Ya danna babban yatsansa a ƙarƙashin ƙarfen, yatsan ya shige kamar a dafaffen rogo. Sai aka ɓarke da sowa. Ni kam ƙwalla na yi, kuma ba na jin kunyar faɗa, don taku goma ne tsakanin ramin da inda matata ke ɗiban ruwa.

Don Eulogio ya goge yatsansa a wando. "To 'yata, ku sa sabon da sauri. Mata na jira su ɗebi ruwa."